Allon da ke cikin kabad

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan karɓar makullan gidan, tun da hantsi ina kan tsani a falo da ƙarfen kankara a hannu, ina fama da silin. Irin silin nan ne mai ado kamar an watsa kunu an bi shi da mataji, wanda ya cika gidajen Ingila na shekarun 1960 da 1970. Mutanen nan duk Artex suke ce masa, da sunan kamfanin da ya yi fice a kansa, kamar yadda a gida kowane garin sabulu Omo ne. Uwargida ta tsane shi tun ranar da muka zo duba gidan. Ni kuma na yi lissafin cewa in na kankare shi da kaina, mai filasta zai rage mini kuɗi.

Na kankare wajen faɗin faifai biyu, farar ƙura ta bi mini gira da gemu, sai ga mai filastan ya iso don ya yi mana ƙiyasin aiki. Wani dattijon Bature ne mai furfura. Bai shigo ba. Daga bakin ƙofa ya ɗaga kai ya dubi silin, ya dube ni, ya ce in ajiye ƙarfen in sauko mu yi magana a waje. Da muka fita ya tambaye ni shekarar da aka gina gidan. Na ce 1964. Ya ce ina takardar gwajin asbestos? Na ce wace takarda kuma? Ya ce to shi ba zai sa hannu a gidan nan ba sai ya gan ta, yaransa biyu ma haka.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni da na tashi a Zariya a ƙarƙashin silin asbestos? Ajinmu na firamare shi ne, masallacin unguwa shi ne, ɗakin Hajiya ma shi ne har yau. Kawuna kafinta ne. Na sha ganinsa yana yanka allunan da zarto a ƙofar gida, kansa fari fat kamar mai injin niƙa, mu kuma yara muna tsintar gutsattsarin muna zane a bango kamar alli. A raina na ce tsoron Turawa ne kawai, su da komai sai an cika takarda.

Da na koma gidan hayarmu na ba uwargida labari ina dariya, ita ba ta yi ba. Cikinta wata 7 a lokacin. Ta ce, "Malam, don kai ka shaƙa a can, shi ne za a ajiye wa jaririn nasa rabon a nan?" Ban sami amsa ba. Ga shi wa'adin hayar ya kusa cika, ga Hajiya bizarta ta fito, saura mako 6 ta iso don ta kula da mai jego. A daren na ɗauko rahoton da aka yi mana kafin banki ya ba da bashin gidan. Ashe a shafi na ashirin da wani abu akwai layi biyu da suka ce gida mai waɗannan shekaru yana iya ɗauke da asbestos, a bincika kafin a yi gyara. Ni wajen farashi da maganar danshi kawai na karanta.

Ga yadda abin yake a nan. Birtaniya ta hana asbestos shuɗi da mai ruwan ƙasa a 1985, farin kuwa sai a 1999. Saboda haka duk ginin da ya riga shekarar 2000, abin zargi ne har sai an wanke shi. Dokar asbestos ta 2012 da ake aiki da ita ba ta tilasta wa mai gida ya gwada gidan da yake zaune a ciki ba, amma ta ɗora wa duk wanda zai yi aikin kuɗi a gidan nauyin sanin abin da zai huda ko ya fasa. Dattijon nan ba taurin kai ya yi mini ba, huhunsa da na yaransa yake karewa, da kuma sana'arsa.

Bincike iri biyu ne. Akwai na sama-sama, wanda ake yi wa ginin da za a ci gaba da zama a cikinsa yadda yake. Akwai kuma na kafin gyara ko rushewa, wanda mai binciken zai ɗaga kafet, ya ɓalle katako, ya huda inda ya ga dama. Na biyun ya dace da mu tunda za mu fasa bangon da ke tsakanin kicin da ɗakin cin abinci, mu kuma canza wa boila, wato injin ɗumama ruwa da gida, wuri. Shawara ɗaya da dattijon ya ba ni wadda na gode masa a kanta ita ce, kada in bar wanda zai cire shi ne mai gwadawa. Wanda zai ci kuɗin cirewa, ko'ina ya duba zai ga abin cirewa. Na nemi kamfanin da aikinsa bincike kaɗai, wanda ɗakin gwajinsa ke da shaidar hukumar UKAS mai tantance ɗakunan gwaji. Fam 380 suka caje ni.

Mai binciken ta zo ranar Laraba, wata mata ce mai ƙarancin magana. Ta sa farar riga mai hula wadda ake yarwa bayan aiki, ta ɗaura takunkumi, ta ce in tsaya a waje ko a mota. Ta taga na riƙa leƙenta. Duk inda za ta ɗauki samfuri sai ta shimfiɗa leda a ƙasa, ta fesa ruwa mai ɗan sabulu, ta ɓanto ɗan gutsure kamar farce, ta sa a ƙaramar leda, ta sa ledar a cikin wata, ta rubuta lamba, ta liƙe ramin da tef, ta ɗauki hoto. A silin kowane ɗaki wuri biyu ko uku ta ɗiba, domin a cewarta masu kwaɓa shi a da ba daidai suke gauraya shi ba, wani gefen a samu, wani a rasa. Ta hau saman silin ta duba tankin ruwa. Ta ɗaga kafet ɗin kicin, sai ga wasu tsofaffin tayil na roba masu inci 9, an manna su da baƙin gam kamar kwalta. Ta leƙa rufin gareji, wanda shi kam ko ni na san shi, kwanon siminti ne mai tudu da kwari irin na gida.

Inda ta daɗe shi ne wurin da ban taɓa kallo sau biyu ba: ɗan kabad ɗin da boila ke ciki, a gefen kicin. An lulluɓe cikinsa da wasu alluna masu launin toka, an shafa musu farin fenti, an kafe da ƙusa. Ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta haska da tocila, ta ɗauki samfuri a hankali fiye da ko'ina. Da ta fito ta ce kada kowa ya buɗe kabad ɗin nan har sai ta kira ni. Shi ne fa bangon da na shirya sa wa guduma a ƙarshen makon.

Na tambaye ta maganar silin da na kankare, domin abin yana cina. Ta ce na share? Na ce na share da tsintsiya. Ta yi ɗan shiru. Ta ce tsintsiya da injin zuƙar ƙura na gida su ne mafi muni, ba kwashewa suke yi ba, tayarwa suke yi. In zuba tsintsiyar da kayan da na sa ranar a leda in ɗaure, in rufe falon. Amma ta ce kada in hana kaina barci: irin wannan silin abin da ke cikinsa kaɗan ne, a ɗaure yake cikin fenti, kuma aikin rabin awa sau ɗaya ba daidai yake da na wanda ya yi shekaru yana shaƙa ba. Ba ta ce babu komai ba, kuma na lura da hakan.

Kwana 5 muka jira sakamako, barcin da ta ce kada in hana kaina kuwa bai zo ba. Na yi ta karatu a waya. Asbestos dutse ne da ake haƙowa, amma yana tsagewa ya zama zare, zaren ya sake tsagewa har ido ya daina ganinsa. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ga araha, shi ya sa aka zuba shi a komai. Rashin ruɓewar nan ita ce masifar in ya shiga huhu. Ba tari, ba wari, ba alama, sai bayan shekara 20, 30, har 50 ciwon ya fito: ko huhu ya ƙandare, ko sankarar huhu, ko wata sankara ta tantanin da ya lulluɓe huhun, wadda ake kira mesoteliyoma. Hukumar HSE mai kula da lafiyar ma'aikata tana cewa mutum kusan 5,000 ke mutuwa duk shekara a Birtaniya ta wannan hanya, da yawansu kafintoci ne, da masu gyaran famfo, da masu aikin wuta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ashe a bakin rijiyar muka sayi gida. Unguwarmu a gefen Rochdale take, arewa da Manchester, kuma a Rochdale ɗin ne masana'antar Turner Brothers ta kasance, ɗaya daga cikin manyan masana'antun asbestos na duniya a zamaninta. Wata ma'aikaciyarsu mai kaɗa zaren, Nellie Kershaw, ta rasu a 1924 tana da shekara 33. Likitan da ya duba huhunta, William Cooke, ya buga abin da ya gani a mujallar likitocin Birtaniya a shekarar. Kamfanin ya ƙi biyan diyya, ya ƙi biyan kuɗin jana'iza, aka binne ta a kabarin da ba alama. Daga rasuwarta zuwa ranar da aka hana farin asbestos shekara 75 ne cif. Maƙabartar tana kan hanyar da nake bi wani lokaci.

Rahoton ya zo da hotuna da jadawali. Silin falo da na matattakala akwai farin asbestos, na ɗakunan kwana babu. Tayil ɗin kicin da baƙin gam ɗinsu akwai. Rufin gareji akwai. Tankin ruwa roba ne, an taɓa canza shi. Allunan kabad kuwa mai ruwan ƙasa ne, wanda ake kira amosait, da aka riƙa haƙowa a Afirka ta Kudu. A nan na fahimci abin da ban sani ba duk tsawon zamana a ƙarƙashin silin Zariya: ba kasancewarsa ce ke auna haɗari ba, sauƙin sakin zarensa ne. Kwanon siminti kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne asbestos, kuma siminti ya danne shi. Allon kabad yakan kai kashi 25 ko fiye, ga laushi, ƙusa kawai za ka zare ya yi gari. Silin da na tsorata da shi yana can ƙasan jeri. Ɗan hakin da na raina ne a sama.

Muka zauna da uwargida da rahoton a gabanmu muna yanke shawara ɗaya bayan ɗaya. Silin, a bar kaza cikin gashinta: dattijon zai shafa masa gam ya bi da filasta a kai, ba kankara ba samfefa. Tayil ɗin kicin ma haka, za a zuba musu siminti mai ruwa ya rufe su, a shimfiɗa sabon daɓe. Wannan ya sa ƙananan fitilun da take so a huda a silin falo suka sha ruwa, kuma har yau takan tuna mini. Rufin gareji yana yoyo, dole ya sauka. Kabad kuwa babu yadda za a fasa bangon yana nan, kuma aiki irin wannan sai kamfani mai lasisin HSE.

Na nemi farashi wuri uku. Biyu masu lasisi suka ce fam 2,300 da 2,900. Na ukun wani ne da na samu a tallan intanet, ya zo da farar mota ba rubutu a jiki, ya leƙa kabad ɗin da aka ce kada a buɗe, ya ce fam 500 hannu da hannu, gobe da safe ya gama. Na ce takarda fa? Ya ce takarda ita ke sa aiki tsada. Wallahi zuciyata ta raya mini. Kuɗinmu ya ƙare a sayen gida, kwanaki suna gudu. Abin da ya hana ni ba jarumta ba ce, tambaya ce guda: ina zai kai su? Ya ce kada in damu da wannan. A ƙasar nan in aka tsinci sharar gidanka a gefen gona, har kai ana iya bi. Na duba jerin masu lasisi na HSE, babu sunansa. Na sallame shi.

Masu fam 2,300 na ɗauka, sai suka ce sai an sanar da HSE kwana 14 kafin a fara. Na roƙi manajan, na ce matata na gab da haihuwa, mahaifiyata na hanya. Ya ce ya tausaya, amma doka ba ta san wannan ba. Haka muka ƙara wata guda a gidan haya, muna biyan wuri biyu. Wannan ya fi cirewar ciwo.

Cikin kwanakin jiran na yi tunanin sauke rufin gareji da kaina, tunda doka ba ta hana mai gida taɓa kwanon siminti ba, in zai jiƙa shi, ya kwance ƙusoshin ba tare da ya fasa ba, ya naɗe a leda mai kauri, ya kai inda ƙaramar hukuma ta ware. Na je sayen takunkumi mai lamba FFP3. Mai shagon ya dubi fuskata ya ce da gemun nan ba abin da zai yi mini, sai fata ta manne da roba, ko ɗan tsiron kwana biyu yana buɗe wa iska hanya. Na auna gemu na auna fam 900 na sauke rufin. Gemu ya yi nasara, na haɗa musu da garejin.

Ranar aiki mutum uku suka zo da mota, tana jan wata tirela mai banɗakin wanka a ciki. Rabin yini suka yi ba su taɓa allo ba. Suka kafa katako, suka gina ɗaki na leda mai kauri kewaye da kabad ɗin, suka liƙe kowace kafa da tef. Ƙofar shiga ɗakuna uku ce a jere kamar zaure bayan zaure. Suka jona wani injin da ke zuƙe iskar ciki ta matata ya fitar waje, ta yadda in ma akwai ɓula, iska ciki za ta shiga, ba fita za ta yi ba. Sai suka kashe injin suka cika ɗakin da hayaki, muka zagaya tare muna neman inda zai ɓullo. Ya ɓullo ta gefen wani bututu, suka liƙe, suka sake. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa, ta tsaya a shinge tana kallo. Ta ce gidajen layin duk mutum ɗaya ya gina su, nata kabad ɗin ma irin wannan ne, mijinta ya kafa masa kanta da hannunsa tun da daɗewa.

Sun bar wata 'yar taga ta roba a jikin ledar, ta nan na kalla. Mutum biyu cikin jajayen riguna da takunkumi mai rufe fuska duka, ɗaya yana fesa ruwa, ɗaya yana zare ƙusa, bakin injin zuƙa na musamman yana manne da hannunsa. Allo ya fita, a sa a jar leda, a ɗaure, a goge bayanta, a sa a farar leda mai tambarin gargaɗi. Cirewar kanta ba ta wuce awa 2 ba. Gogewa ta ci sauran yinin.

Washegari mai tantancewa ya zo daga wani kamfanin daban, ni na biya shi. Mataki huɗu ne aikinsa. Ya duba takardu da kewayen wurin. Ya shiga da tocila yana haska kowane lungu a kaikaice, yana shafawa da yatsa. A nan ya kāda su: ya ga gari a bayan maƙalin wani bututu, ya fito ya ce a sake. Fuskar shugaban ma'aikatan ta canza, ni kuwa a lokacin na ji kuɗina ya halatta. Bayan sun sake gogewa ya kafa 'yan famfunan zuƙar iska, ya riƙa bugun bango da buroshi don ya tayar da duk abin da ya kwanta, ya kwashi matatan ya shiga motarsa ya ƙirga zare a madubin ƙara girma. Ƙa'ida sai an samu ƙasa da zare 0.01 a kowace mililita ta iska. Aka samu. Suka rushe ɗakin leda, ya sake dubawa, sannan ya sa hannu a takardar izinin komawa. Bayan kwana biyu takardar shara ta zo, mai nuna nauyin abin da aka ɗauka da bolar da aka kai shi. Duk na haɗa su da rahoton a fayil guda. Mai aikin wuta da ya zo daga baya shi ya fara nema, na nuna masa silin da ba a hudawa.

Hajiya ta iso kicin ba ƙofa, falo yana warin ɗanyen filasta. Bayan suna, wata rana da daddare, na ba ta labarin duka, har da kuɗin. Ta riƙe haɓa. Ta ce, "Babana, a kan silin? Kawunka ya shekara arba'in yana yankan abin nan, ga shi can garau, har gona yake zuwa." Na ce haka ne, Hajiya, ba kowa yake kamawa ba. Ta yi shiru, sai ta ce amma abokin aikinsa na Tudun Wada, wanda suke hawa rufi tare, tari ne ya kwantar da shi, aka yi ta ba shi maganin tibi bai ji ba. Ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban ƙara ba.

Can sai ta ce ai ɗakinta na gida yana yoyo, silin ya yi ciki, ta bar wa ƙanena sallahu ya sa a sauke shi a sa na roba kafin ta koma. A take na kira shi, ban duba agogo ba. Na ce ya gaya wa kafinta ya jiƙa allunan sharkaf kafin ya taɓa, ya zare su ɗai-ɗai kada ya farfasa, ba zarto, ba tsintsiya, a fitar da kayan ɗakin tukuna, a kori yara, a naɗe a leda a binne da zurfi inda ba za a tona ba.

Ya ce, "Yaya, ai tun shekaranjiya aka sauke. Ɓaraguzan ma mun cike ramin ƙofar gida da su, inda ruwa ke kwanciya."

Na ce ya samo yashi da siminti gobe da sassafe, zan turo kuɗin, a dafe wurin kafin yara su fito.